Rabin Jarka

Mun bar Darak zakara bai gyara murya ba,
kwando arba'in na banda, buhun kanwa tara,
akuya mai tsohon ciki,
da Baba a goshin jirgi,
yana ta rufe masa ido kamar madarar da ta kwana.

Kuɗin mutum ɗaya ne a aljihunmu.
Abakaka mai jirgi ya dube ni, ya dubi ƙasan jirginsa,
ya miƙo mini rabin jarka:
"Kwashe ruwa har Farsha, ka biya."

Don haka ban ga tafkin yadda ake ba da labarinsa ba.
Na ga ƙusa mai tsatsa,
na ga tsumman da aka cusa a tsaga,
da dugadugan Hajja Fanne, lallensu ya koɗe.
Sararin sama ma a cikin jarka nake ɗebo shi,
in watsar, ya sake shigowa ta ƙasa.

"Mun kama Shari," in ji Baba,
tun kafin masu ido su lura.
"Ruwan tafki lallashi yake yi,
na kogi gardama."

A Bilanguwa jandarma ya ƙirga kwanduna sau biyu,
lissafi ya ƙi fita
sai da aka ɗora masa tarwaɗa uku.
Muka wuce, Chadi a hagu, Kamaru a dama,
mata na wanki a gaɓa biyun da waƙa iri ɗaya,
kifin da ke tsakiya bai nuna wa kowa takarda ba.

Daren farko a kan rairayi muka yi shi.
Na biyu, ƙasa da Gulfe, inji ya yi tari ya mutu.
Ruwa ya soma mayar da mu inda muka fito.
Baba ya ɗaga hannu: "Ku kashe tocila.
Dorina ce, kuma da ɗa.
Sa gora ta hagu, yaro, a hankali."
Mutum ashirin masu ido lafiyayye
muka bi umarnin makaho
har numfashinta ya koma bayanmu.
Ba wanda ya yi masa godiya da baki.
Hajja Fanne ce ta ɓare goro, ta ba shi babban ɓarin.

Yammacin rana ta uku ya shaƙi iska ya yi shiru.
"Taya na ƙonewa. Ana gasa nama da yawa.
Ruwan nan kuma ya gaji.
Mun iso ko?"

Sai a lokacin na miƙe bayana.

Njamena.
Kamar an zazzage garwashi a gaɓa, tun daga nan har inda ido ya ƙare,
ba mai ɗiba, ba mai yayyafa masa ruwa.
Kiran sallah daga wuri goma, wani na taka wani.
Jirgin sama ya sauko ta kanmu da cikinsa a waje,
akuya ta firgita, ta haihu a kan buhun kanwa.

"Faɗa mini yadda take."
Na ce, "Baba, wuta ce ko'ina."
Ya ce, "To. Mu da muka zo neman kaɗan."

A Farsha 'yan dako suka faɗo ruwa har gwiwa,
suna ciniki da Larabcin da ya fi kunnena sauri.
Na laluba takardar asibiti a cikin leda, tana nan, ba ta jiƙe ba.
Na ajiye jarka,
amma hannuna bai ji labari ba,
yana ta ɗiba yana watsarwa a iska.

Baba ya taka ƙasa, ya tsaya,
ya saurara hagu, ya saurara dama.
Babur, babur, ƙaho, rediyo.
Ya nemo kafaɗata ya damƙe.
"Wannan ruwan ban san shi ba," ya ce.
"Shiga gaba."